Wa Ya Ga Tafiyar Halliru?

Litinin, 3 ga Mayu, 1999, bayan Azahar

Ofis shiru, Rijistara ya tafi taro Kano, daga ni sai fanka sai tafiretata. Na tsinci littafin nan a ƙasan durowa, na ce bari in riƙa zuba masa surutu, tunda maigidana Baban Ladi ya ce bakina ba ya hutawa.

Duk kwalejin nan magana ɗaya ce: saura kwana ashirin da shida soja su koma bariki. Har masu shara sun zama 'yan siyasa. Shi kuwa Baban Ladi ya rataya rediyo a wuya, yana sayar da kifinsa a bakin gada yana yi wa masu saye sharhin labarai. Jiya wata ta ce masa, "Malam, tarwaɗa na zo saya, ba majalisa ba."

Inna tana nan lafiya, ita da ragonta. Tun watan da aka tafi da Halliru ta saye shi, ta ce ranar da autanta ya dawo za a yanka. Layya biyu ta wuce shi, yanzu ya zama maigidan gidan.

Halliru ƙanena ne, ɗan aji uku a nan kwalejin. Shekara ɗaya da rabi ke nan da aka tafi da shi, saboda wasu takardu da aka wayi gari an watsa a ɗakin cin abinci. Manyan da aka tsare duk an sako su, mun ga hotunansu a jarida. Namu ba shi da hoto a jarida.

Laraba, 5 ga Mayu, da hantsi

Rago ya cinye rabin ɗankwalin Inna a kan igiya. Ta ce laifin ɗankwalin ne da ya yi kalar ganye.

Juma'a, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Yau kasuwa, na raka Inna sayen dusa. Shanu sun cika hanya har bakin titi, ga Fulani, ga 'yan kudu da manyan motocinsu. Muna layin masu dusa sai ga Malam Ya'u ya turo kekensa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ta kau da kai tana duba dusar kamar mai neman zinariya a ciki.

Shi ne malamin tarihin su Halliru. Shi ya ba ajinsu labarin wasu ɗaliban jami'a a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu har da wa da ƙanwarsa, waɗanda suka riƙa buga takardu suna cewa mai mulkin ƙasarsu azzalumi ne. Wani ma'aikacin jami'ar ya gan su suna watsawa, aka kama su, cikin kwana huɗu aka sare kawunansu. Halliru ya zo gida da labarin yana ci masa rai, sati guda ba ya wata hira sai ita. Inna ta ce mutumin da ya ɗauko wutar Jamus ya kawo Wudil ba ta da gaisuwa da shi har gaban abada. An kore shi daga aiki, yanzu noma yake yi a Utai.

Da Inna ta yi gaba ya miƙo min 'yar takarda. Adireshin wata lauya ce a Kano, Barista Hussaina, suna neman waɗanda aka manta a tsare. Ya ce, "Safara'u, ki gwada. Ni in na je ba dangi ba ne."

Na saya wa 'yata Ladi rake. Ta shanye, ta ɓoye ɓawon a takalmin babanta.

Litinin, 10 ga Mayu, da yamma

Na je Kano. Ina zaton zan ga wata ƙatuwa mai gilashi, sai ga 'yar siririya da goyon ciki, tana cin gyaɗa a kan fayil. Ta yi min kyakkyawar tarba. Ta ce sun rubuta wasiƙu kan mutane irin Halliru, amsa ɗaya ake ba su: ba mu da shi, ba mu taɓa kama shi ba, wa ya ce mu ne?

Ta ce, "Abin da muke buƙata shaida ne. Wanda ya ga tafiyarsa da idonsa, ya yi rantsuwa a kotu: rana kaza, wuri kaza, mutane kaza. Kuma kafin ashirin da tara ga wata, don ana ta kwashe fayiloli, wanda bai fito yanzu ba Allah kaɗai ya san inda takardarsa za ta faɗa. Wa ya gani?"

Na ce an ce a hanyar masallaci aka ɗauke shi, ba wanda ya gani.

Ta dube ni, ta miƙo min gyaɗa. Ta ce, "Haka kowa yake cewa."

A mota na zauna kusa da wata tsohuwa mai kaji uku, ɗaya ta yi ƙwai a cinyata kafin mu kai Gano. Tsohuwar ta ce rabona ne. Duk motar aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Talata, 11 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya

Wasiƙa uku na buga, duk da kuskure. Ba na son Talata.

Alhamis, 13 ga Mayu, da safe

An yi ruwan shuka! Ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki. Kafin in fito mutane sun cika gonakin bakin hanya, maza na sara, mata na binnewa. Ladi ta yi wanka a indararo, ta shigo min da taɓo har kan gado. Inna ta ce ta yi mafarkin Auta yana cin ɗanwake, wai ya yi ƙiba. Na ce to ai sai mu fara ajiye garin.

An ce a hanyar masallaci. Ni ce na fara faɗar haka, kowa ya ɗauka.

Lahadi, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Na ce wa Baban Ladi zan je Utai dubo wata ƙawata. Gonar Malam Ya'u na je. Na same shi yana shuka gero, wandonsa naɗe, ba ka ce shi ne mai farar rigar nan da alli ba. Matarsa ta kawo mana fura a gindin ɗorawa ta koma.

Na ce, "Malam, yarinyar nan ta Jamus, da aka kama su, me ta ce?"

Ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce, "Me ya sa kike tambaya?"

Na gaya masa. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ban yi kuka ba sai da na zo wurin maganar da na faɗa ranar.

Ya ce, "Ni ma da laifina, don na ba su labarin kamar tatsuniyar jarumai, na bar wani wuri. Yarinyar nan da farko musu ta yi. Ta ce ba ta san komai ba, har mai tambayar ya kusa sakinta. Sai da ta ji wanta ya amsa, sannan ta ce ita ma da hannunta. Tsoro ba ya tambayar ƙasar mutum, Safara'u. Ita kwana ɗaya ta samu tsakanin musu da gaskiya. Ke Allah ya ba ki shekara da rabi, kuma in sha Allahu naki ɗan'uwan yana da rai."

Na ce Inna ta ɗora masa laifin da ba nasa kaɗai ba, kuma na yi shiru ina kallo. Ya yi dariya ya ce, "Ai gara da ta samu wanda za ta yi fushi da shi. Fushi yana riƙe tsohuwa a tsaye." Ya cika min leda da yakuwa.

Litinin, 17 ga Mayu, lokacin tashi

Kowa ya tafi. Na buga takardar rantsuwar da hannuna, ba kuskure ko ɗaya. Bari in rubuta a nan ma, don in ga yadda take da Hausa.

Ni na buga takardun. Halliru da abokansa biyu suka rubuta, ni na buga a sitensil, takardar gurzawa, a ofis ɗin nan, na gurza kwafi ɗari biyu a injin kwaleji. Ba wanda ya tilasta ni. Har gyara musu wata jimla na yi, don na ga tawa ta fi zafi, ina jin daɗin kaina.

Ranar Talata, 18 ga Nuwamba, 1997, wajen sha ɗaya na safe, mutum uku suka shigo cikin kaftani, da takardar a hannunsu. Sun gane tafiretar, don harafinta ɗaya yana da karaya. Halliru yana tsaye a gefen teburina, ya zo karɓar makullin gida. Babbansu ya ce, "Wa yake aiki da wannan?" Kafin in buɗe baki Halliru ya ce, "Ni na saci makullinta na shigo ranar Asabar. Ita ba ta sani ba." Mutumin ya juyo ya ce, "Haka ne?"

Na ce, "Ban san komai ba."

Suka ɗauki tafiretar, suka sa shi gaba zuwa wata farar mota Fijo. Da zai fita ya ajiye min makullin a kan tebur. Ladi tana da wata bakwai a lokacin, ina ta gaya wa kaina saboda ita ne.

Talata, 18 ga Mayu, da sassafe

Na ba Baban Ladi takardar ya karanta bayan ya dawo daga masallaci. Sau biyu ya karanta. Ya kashe rediyo, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Maman Ladi, har yau fa su ne a kan mulki. Dokar nan da ake tsare mutum ba shari'a tana nan. Kwana goma sha ɗaya ya rage, ki bari su sauka mana."

Na ce lauya ta ce bayan sun sauka wataƙila ba a ga fayil ɗin ba.

Ya ce, "In suka riƙe ki fa? In kwaleji ta kore ki fa? Ni in yi yaya da yarinyar nan, in goya ta in tafi bakin gada?"

Na ce ai za ta ja masa masu saye. Bai yi dariya ba. Ya fita ko koko bai sha ba.

Laraba, 19 ga Mayu, bayan Magariba

Na fito da shirin Kano sai na tarar da Baban Ladi a zaure cikin babbar rigar Sallah, ya bar wa maƙwabcinsa teburin kifi. Ya ce, "In za a kama matata, a kama ta ina tsaye, kuma ina da kyan gani."

Rantsuwar ko minti goma ba ta kai ba. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani, aka buga hatimi. Ina ta jiran ƙasa ta tsage, sai magatakardan ya ce, "Na gaba." Barista Hussaina ta karanta, ta rungume ni da cikinta da komai. Ta ce ba za ta yi min alkawari ba, amma yanzu ba mai cewa iska ce ta ɗauke shi.

A hanya Baban Ladi ya saya min gurasa da ƙuli. Duk motar da ta biyo bayanmu sai ya waiga.

Alhamis, 20 ga Mayu, bayan La'asar

Na gaya wa Inna. Tana tankaɗe, ba ta daina ba har na gama. Ta kaɗe rariyar, ta ce, "Tashi ki ba ragon nan ruwa."

Juma'a, 21 ga Mayu, da rana

Na gaishe ta, ta amsa wa Ladi.

Asabar, 22 ga Mayu, da rana

Yau ma haka.

Lahadi, 23 ga Mayu, da yamma

Da hantsi Inna ta aiko in zo. Na same ta da mayafin unguwa da ƙwaryar daddawa. Ta ce, "Wuce gaba, ke kika san gonar."

Malam Ya'u na hango mu ya yar da fartanya. Inna ta tsaya a kunyar gero ta ce, "Malam, na zo neman gafara. Na yi shekara da rabi ina jifan ka, ashe maharbin yana cikin ɗakina yana cin tuwona." Ya ce wallahi ba komai, Inna, ya rasa inda zai sa kansa. Ta ce, "Amma ka ji, nan gaba in za ka ba yara labari, ka ba su na wanda ya mutu a kan gadonsa da jikoki."

A hanyar dawowa ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin amsa ranar, da biyu zan rasa. Ba shirun ranar ne ya ɓata min rai ba, na bayansa ne." Sai kuma ta ce takalmina ya yi mata kama da na karuwan Legas. Na san an shirya.

Talata, 25 ga Mayu, ƙarfe biyu

Maganar ta zaga kwaleji. Rijistara ya ba ni takardar tuhuma kan amfani da injin hukuma, kuma ni ya ba in buga ta. Na buga wa kaina tuhuma, na sa hannu na karɓa.

Da zan fita, Baba Ɗan'auta mai gadi, tsohon da ya fi kwalejin daɗewa, ya kira ni cikin rumfarsa. Ya cire hula, ya zaro wata takarda da ta sha zufa har ta yi laushi. Shafi ne daga littafin shige da fice na ƙofa, na ranar nan, da lambar farar Fijo da sunan da direban ya bayar. Ya ce, "Sun ce in yaga in ƙona. Na yaga. Wutar ce ban samu ba har yau." Ya ce tunda mace ta rantse, shi da gemunsa ba zai zauna ba. Gobe Baban Ladi zai kai shi wurin lauya.

Asabar, 29 ga Mayu, bayan Azahar

An miƙa mulki. Baban Ladi ya ɗora rediyo a kan turmi, maƙwabta suka cika tsakar gida, ana ta Allah ya sa mu dace. Mata suka yi guɗa, rago ya tsinke igiya ya bi mai unguwa har waje. An yi dariya kamar ba gobe.

Inna ta share ɗakin Halliru, ta shimfiɗa sabon zanen gado. Ba wanda ya ce mata yau zai zo, ba kuma wanda ya iya ce mata ba yau ba.

Litinin, 31 ga Mayu, da safe

Ba labari.

Alhamis, 3 ga Yuni, ƙarfe ɗaya

An gan shi! An gan shi! Barista ta bugo wayar ofis, Rijistara da kansa ya kira ni, har ya ba ni kujerarsa. Lambar motar ce ta kai su ga fayil ɗin. Yana wani gidan yari can gabas, kusan iyaka, an rubuta sunansa ba daidai ba, Halilu Wudi, shi ya sa duk wasiƙar da aka aika sai a ce ba su da shi. Yana da rai. Na tambaye ta sau uku, sau uku ta ce yana da rai.

Na fita da gudu ba takalmi. Baba Ɗan'auta ya jefa hularsa sama ta maƙale a darbejiya.

Rijistara ya ce maganar tuhuma a bar ta tukuna, wai fayil ɗin ya yi nauyi.

Laraba, 9 ga Yuni, bayan La'asar

Ya iso jiya kafin Azahar, a motar ƙungiyar su Barista. Na sha shirya abin da zan yi, da na gan shi sai na tsaya kamar an dasa ni. Ya rame, haƙoransa biyu na gefe babu, yana tafiya yana ɗan karkata kai. Amma dariyar tana nan. Ya kalli Ladi ya ce, "Wannan 'yar lukutar ce na bari a zani?" Ta ɓuya a bayana.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa, ta ce, "Mafarkina ya yi ƙarya, ba ka yi ƙiba ba." Sai ta shige ɗaki ta daɗe.

An yi ɗanwake, an yi waina, an yanka ragon Inna, unguwa duk ta ci nama. Malam Ya'u ya zo, suka riƙe hannun juna shi da Halliru. Abokan Halliru biyu da suka gudu Nijar an ce suna hanya. Shi kuwa ba ya son a rufe ƙofa in yana ɗaki, ba ya kuma son a zo masa ta baya. Ba mu tambaye shi komai ba, shi ma bai faɗa ba.

Ni da shi ba mu keɓe ba tukuna. Ina ta samun aikin yi a madafa.

Asabar, 12 ga Yuni, da yamma

Halliru ya ce in raka shi bakin kogi, yana son ganin ruwa mai tafiya. Muka zauna a ƙasan gada, kogi ya fara kawowa, masu yashi suna ta lodin jirage. Na zauna a hagunsa, na kafa ido a ruwa, na fara. Na faɗi komai: maganar da na yi ranar, ƙaryar hanyar masallaci, yadda na bar shi ya ɗauki kayan mu biyu shi kaɗai. Na roƙe shi gafara. Na fi minti goma ina magana, hawaye har wuya, shi kuwa yana kallon masu jirgi bai ce uffan ba. Na ce a raina shi ke nan, bai yafe ba, kuma yana da gaskiya.

Can ya juyo, ya ga fuskata, ya zabura. Ya ce, "Yaya, lafiya? Magana kike yi? Ai wannan kunnen tun watan farko ya daina aiki. Sai ta dama."

Na yi dariya har na kusa faɗawa ruwa, ina yi ina kuka. Ya ce, "Me kika ce?" Zuciyata ta ce ki ce ba komai, ai kin riga kin faɗa, Allah ya ji.

Na tashi na zagaya damansa, na zauna, na sake farowa daga farko. Wannan karon ina kallon sa. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Yaya, duk dukan da na sha, abu ɗaya nake riƙewa: sun samu ɗaya, ba su samu biyu ba. Kullum da shi nake cin nasara a kansu. Da kin amsa, da me zan riƙe?" Ya jefa tsakuwa a ruwa. "Amma na ji zafi da kika faɗa da sauri haka. Ko ɗan jinkiri ba ki yi ba."

Na ce na sani.

Ya ce, "To na yafe. Tashi mu je, yunwa nake ji. Kuma daga yau ki riƙa tafiya ta wannan gefen."

Ta damansa na bi har gida.